Darasi na 7: Gasasshen Burodi da Cuku da Kayan Lambu

Wannan abinci yanka biyu ne na burodi, a tsakiyarsu cuku da gasassun kayan lambu, a gasa a kasko har cukun ya narke. Masu shagunan abinci suna kiransa sanwic. Don mutum 2 ana bukatar burodi yanka 4, cuku giram 100, tattasai 2, albasa 1, yalo babba 1, man gyaɗa cokali 2, bota cokali 2, gishiri da ɗan masoro. Kayan lambun duk ana samunsu a kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada ko Samaru a Zariya.

Wurin sayen cuku ne ake yawan yin kuskure. Wara da Fulani ke kawowa ba ta narkewa, domin da ruwan tumfafiya ake daskarar da nonon. Ko an daɗe ana gasa ta, sai dai ta yi ja ta ƙara tauri. Busasshen cukun Abzinawa ma haka. Wanda ke narkewa shi ne irin Cheddar ko Mozzarella da ake ajiyewa a firij a manyan kantuna. Cheddar ya fi ɗanɗano, Mozzarella ya fi yauƙi. Irin wannan cukun yana da tsada, kuma ba ya jure zafi, saboda haka in wutar lantarki ba ta tsayawa a unguwarku, a sayi na yini ɗaya kawai. In wara kaɗai aka samu, a yanka ta siri-siri a soya tukuna. Za ta yi daɗi, amma ba za ta manne burodin ba.

A fara da kayan lambu. A yanka yalo faifai-faifai, kaurin rabin ɗan yatsa, a barbaɗa gishiri a ajiye minti 15. Ruwa zai tsatso, a goge shi da tsabtataccen ƙyalle. A cire ’ya’yan tattasai a tsaga shi gida huɗu, a yanka albasa da kauri. A cuɗe su duka da man gyaɗa da masoro, a shimfiɗa a tire, kowane yanka da wurinsa. In aka tula su wuri ɗaya, tururi ne zai dafa su, su fito jagab. Mai oben ya gasa a zafi digiri 200 na ma’aunin Celsius, minti 20 zuwa 25, ya juya sau ɗaya. Wanda ba shi da oben ya ɗora ragar gashi a kan garwashin da ya daina hayaƙi, ko ya yi amfani da kasko mai kauri. Sun gasu idan sun yi laushi kuma gefensu ya ɗan yi duhu. A bar su su sha iska minti 5.

Ɗanyen tumatir bai dace a ciki ba, ruwansa yakan jiƙa burodi.

Burodin jiya ya fi na yau, domin ya fi yankuwa kuma ba ya lotsewa. A shafa bota a bayan kowane yanka, wato gefen da zai taɓa kasko. A gurza cuku da abin goga kuɓewa. A zuba rabinsa a kan burodi, a jera kayan lambu, a zuba sauran a sama, sannan a rufe da ɗaya yankan. Cukun sama da na ƙasa su ne ke riƙe kayan kada su zube wajen juyawa. Kada a cika kaya har burodin ya kasa rufuwa.

Wuta kuwa a rage ta sosai. Burodinmu yana da sukari da yawa, shi ya sa yake saurin ƙonewa, sai a ga waje ya yi baƙi alhali cukun ciki bai ko motsa ba. A ɗora a kasko, a rufe da murfi don zafi ya taru, a ba shi minti 3 zuwa 4. A leƙa ƙasan: idan ya yi ruwan zuma, a juya da faffaɗan cokali, a ɗan danna, a ƙara minti 3 ba murfi don ya yi ƙaras-ƙaras. A sauke, a jira minti 1 kafin a raba shi biyu, in ba haka ba cukun zai kwarare. A ci da zafinsa, da shayi ko kunun gyaɗa; in ya huce cukun yakan koma ya taurare.