Babi na 7: Kuntigi Mai Magana ta Sifika

Darasi na 1: Kayan aiki

Kuntigi dai kun san shi, shi marigayi Ɗan Maraya Jos ya riƙa kaɗawa har ya rasu a 2015, kuma da gwangwanin kifi ake yin cikinsa. Namu ma haka, sai dai sautinsa ta sifika zai fito.

Ku nemo gwangwanin kifi, ku wanke shi. Sai sanda mai tsawon kamu biyu, da wayar birkin keke, da tsohuwar wayar makirufo mai kai. Saura wani ɗan faifan tagulla mai farin tsakiya, girman kwabo, ana ce masa fiyezo. Yana cikin matattun agoguna masu ƙararrawa da kayan wasan yara masu ƙara. Ku tambayi 'yan gwangwan, ko masu gyaran rediyo a kasuwar Wunti ta Bauchi. Aikin faifan a nan ɗaya ne: in ya girgiza sai ya fitar da 'yar wuta kaɗan, sifika ta mayar da ita sauti.

Darasi na 2: Waya biyu

A nan ake faɗuwa, don haka mu bi a sannu. Nemo 'yan wayoyin wuta biyu, ja da baƙa, ka ɗora faifan a tafin hannunka. Tsakiya fari ne. Gefe tagulla ne. Jar waya a kan fari. Baƙar waya a kan tagulla. Kada su taɓa juna.

Sake dubawa. Ja, fari. Baƙa, tagulla. In ka rikice ba komai, Baba, kowa da haka ya fara. Sa yatsa a kan farin ka ce "ja". Matsa gefe ka ce "baƙa".

Kai wa mai gyara ya liƙa su da dalma, ya haɗa su da wayar makirufo. Ka roƙe shi kada ya daɗe da ƙarfe mai zafi a kan farin, don zafi yana lalata shi. Kafin ka biya, duba da idonka: dalmar farin ba ta malalo kan tagulla ba? In ta malalo, wayoyin sun haɗu ke nan, kuma shiru za ka ji.

Haba jama'a! Kullum sai an kawo mini faifai da wayoyi a murɗe wuri guda, a ce sifika ce ta mutu. Sifika lafiyarta ƙalau. Kada su taɓa juna, na ce.

Darasi na 3: Haɗawa

Huda gwangwanin, ka zura sanda, ka ɗaure wayar birkin ta yi tsauri, ka sa ɗan itace a ƙarƙashinta. Manna bayan faifan a jikin gwangwanin da gam. Soka kan wayar makirufon a sifika mai batir. Banda wutar NEPA.

Darasi na 4: Kiɗa

Kaɗa wayar birkin. Danna ta kusa da gwangwani, sauti ya yi siriri. Wani ya ƙwanƙwasa gwangwanin kana kaɗawa. In ba ka ji komai ba, koma Darasi na 2.