Yadda Ake Kai Tsohuwar Motar Gudu Da Aka Gama Gyarawa Taron Masu Sha'awar Motoci

A Birtaniya da Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai al'adar sayen tsohuwar motar gudu wadda tsatsa ta cinye, a kwance ta noti bayan noti, a yi mata walda da fenti, a sake haɗa ta, sannan a kai ta wurin taron masu sha'awar irinta domin su gani. Aikin gyaran yakan ci shekaru, amma shirin kai motar taro aiki ne na daban, kuma a nan ne masu mota da yawa suke yin sakaci. Za mu ɗauki Jaguar E-Type a matsayin misali, wato motar da aka fara nunawa a bikin motoci na birnin Janeba da ke Switzerland a watan Maris na 1961, aka ƙera sama da guda 70,000 a birnin Coventry kafin a daina a tsakiyar shekarun 1970. Matakan sun dace da MGB da Triumph TR6 da Datsun 240Z da makamantansu.

Mataki na farko: a zaɓi taron da ya dace da motar

Tarukan ba iri ɗaya ba ne. Akwai na safiyar Lahadi, irin su Goodwood Breakfast Club da Scramble na Bicester a Ingila, inda mutane suke jera motocinsu, a sha shayi, a yi hira, kowa ya kama gabansa ba tare da an ba kowa maki ba. Akwai tarukan ƙungiyoyi, kamar na Jaguar Enthusiasts' Club, waɗanda sukan haɗa da gasar da alƙalai suke duba mota. Sai kuma manyan gasa irin ta Pebble Beach a Kalifoniya, wadda aka fara a 1950, da ta Villa d'Este a bakin tafkin Como a Italiya, waɗanda sai kwamiti ya tace kafin a karɓi mota.

Shawarar da ta fi ita ce a fara da ƙaramin taro na kusa da gida. A can ne masu irin motar za su leƙa ƙarƙashin bonet su nuna abin da aka saka ba daidai ba, kuma za su yi hakan kyauta, tun kafin alƙali ya rage maki a kai. Da zarar an tsayar da taro, sai a karanta ƙa'idojinsa tun daga farko har ƙarshe, domin rajista takan rufe da makonni, kuma ajin da aka saka mota shi ne yake tsara abin da za a duba. Ƙungiyar masu Jaguar ta Arewacin Amurka, alal misali, ta raba motocin da ake dubawa ciki da waje har da injin da but daga motocin da ake hawa yau da kullum, waɗanda ba a buɗe musu bonet.

Mataki na biyu: a hau motar kafin a nuna ta

Wannan ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa saboda ɗoki da kuma tsoron kada tsakuwa ta taɓa sabon fenti. Motar da aka kwance gaba ɗaya aka sake haɗawa tana ɗauke da ɗaruruwan mahaɗai da ba a taɓa gwadawa da zafi da girgizar hanya ba, kuma kowanne daga cikinsu yana iya sassautawa. Ya kamata ta yi tafiyar da ta kai mil 500, wato kimanin kilomita 800, a gajerun fita da ake ƙara nisansu a hankali, ba tare da an matsa wa injin ba kuma ba tare da an bar shi a gudu ɗaya na dogon lokaci ba. Bayan haka sai a juye baƙin mai da matatarsa, a bi umarnin wanda ya haɗa injin game da sake ɗaure notin kan injin, a duba kowane tiyo da kowace mahaɗar mai.

Abin da ya fi kunyata masu E-Type a taro shi ne zafin injin. Samfurin farko ya zo da fankar lantarki guda ɗaya wadda ba ta da ƙarfi sosai, kuma layin shiga filin taro yakan sa mota ta yi rabin awa tana tafiyar hawainiya. Saboda haka gwajin da ya dace ya haɗa da barin motar a kunne a tsaye, bayan ta dawo daga doguwar tafiya, ana kallon allurar zafi har sai an tabbatar fanka tana tashi kuma ruwan lagireto ba ya tafasa. A kashe ta da zafinta, a jira minti goma, a sake tayarwa, domin injin da yake tashi da bugu ɗaya da safe yana iya ƙin tashi idan zafi ya sa mai ya tururi a cikin kafireta. E-Type ta farko tana da kafireta uku ƙirar SU, kuma idan ba a daidaita su da juna ba, kunnen kowane ɗan ƙungiya zai ji tun daga bakin ƙofa.

Batun fetur ma yana buƙatar kula. Tun watan Satumba na 2021 man da aka fi sayarwa a Birtaniya shi ne E10, mai ɗauke da sinadarin etanol har kashi 10 cikin 100, wanda yake cin tsofaffin robobi da tiyo, don haka masu tsofaffin motoci sukan sayi E5, wanda etanol ɗinsa bai kai haka yawa ba. A duba kuma shekarun tayoyi ta lambobi huɗu na ƙarshe da ke jikinsu, biyu na farko mako ne, biyu na ƙarshe shekara, saboda yakan faru a sayi taya a farkon aiki ta tsufa a ajiye kafin a gama. Ƙafafun E-Type masu wayoyi irin na ƙafar keke ana ɗaure su ne da babban noti guda a tsakiya wanda ake bugawa da guduma mai laushi, kuma na hagu da na dama ba gefe ɗaya suke kwancewa ba. A sake buga su bayan fitar farko.

Dokar Birtaniya ta yafe wa motar da ta haura shekara 40 gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, muddin ba a yi mata babban sauyi ba, amma wannan rangwame bai hana mai hankali kai ta wurin wani bakanike na daban ya duba birki da sitiyari ba. Idon da ya haɗa mota ba kasafai yake ganin kuskurensa ba.

Mataki na uku: a haɗa takardun asali

Masu sha'awar waɗannan motoci suna daraja tarihi kamar yadda suke daraja ƙarfe. Gidauniyar Jaguar Daimler Heritage Trust tana bayar da takardar shaida daga littattafan masana'anta, wadda take nuna ranar da aka ƙera motar, launin fentinta da na kujerunta, dilan da aka fara aika wa, da lambobin shasi da injin da gangar jiki da giya. Masu MG da Triumph suna samun irin wannan daga gidan adana motocin Birtaniya da ke Gaydon. Idan lambobin da ke jikin motar sun yi daidai da na takardar, darajarta tana ƙaruwa sosai. Idan ba su yi daidai ba, misali an taɓa canja injin a 1978, sai a faɗi hakan a fili, domin a irin wannan taro ba a rasa wanda ya haddace jerin lambobin.

A tanadi faifai guda mai ɗauke da wannan takarda, da hotunan motar kafin aiki da lokacin aiki, da rasiɗan manyan kayayyaki. A kuma sabunta inshora zuwa irin wadda ake amincewa da ƙimar mota tun farko, a tabbatar ta haɗa da lokacin da motar take filin taro.

Mataki na huɗu: a duba ƙananan abubuwan da alƙalai suke dubawa

Gasar da ake ba da maki tana auna mota ne da yadda ta fito daga masana'anta, ba da yawan ƙyalli ba. E-Type mai injin lita 3.8 ta 1961 zuwa 1964 ta bambanta da mai lita 4.2 da ta biyo baya a kujeru, a akwatin giya, har da tsarin lantarki, kuma fitilun gaba na samfurin farko suna cikin gilashi, na samfuri na biyu a buɗe suke. Mabuɗan da ke gaban direba ma sun canja siffa. Saka kayan wata shekara a motar wata shekara kuskure ne da ake rage maki a kansa, haka ma sabon batir mai launi, da maɗaurin tiyo na zamani, da rediyon da ba na lokacin ba.

Akwai kuma laifin wuce gona da iri, wato a goge ƙarfen da masana'anta ta bari a dushe, ko a yi wa ƙarƙashin mota fentin da ya fi na samanta sheƙi. Ra'ayin masana ya karkata ga barin abin asali a inda zai yiwu, kuma alamar hakan ita ce a 2024 babbar kyautar Pebble Beach ta tafi ga wata Bugatti Type 59 ta 1934 da ba a sabunta ba, karo na farko da mota daga ajin waɗanda aka adana yadda suke ta ci wannan kyauta.

Kada a manta da jakar sifanoni, da jak, da safayar taya, da littafin direba; duk ana dubawa. Ana kuma gwada fitilu da sigina da ham.

Mataki na biyar: wanki

A tambayi mai fenti kafin a shafa wa motar kakin gogewa, domin sabon fenti yakan buƙaci makonni kafin ya gama bushewa har ciki. A yi babban wanki kwana biyu kafin taro, a inuwa, da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soso, daga sama zuwa ƙasa. Ƙafafu masu wayoyi su ne suke cin lokaci, sai da ƙaramin buroshi da haƙuri. A bar mai sa taya sheƙi, tayar 1965 ba ta ƙyalli.

Mataki na shida: tafiya da ranar taro

Ko a tuƙa ko a ɗora a tirela ya danganta da nisa da irin gasar, amma tuƙi yana da mutunci a wurin jama'ar, har ma a Pebble Beach motar da ta kammala zagayen hanya da ake yi kwanaki kaɗan kafin gasa ita ake fifitawa idan maki ya zo ɗaya. Wanda zai yi amfani da tirela ya lura cewa hancin E-Type dogo ne kuma salansarta tana kusa da ƙasa, don haka sai an ƙara katako a ƙasan gadar hawa, kuma a ɗaure ta ta tayoyi. A but a saka abin kashe gobara, wanda tarurruka da yawa suka wajabta, da faranti na tarar ɗigon mai, da ruwa, da baƙin mai, da fulogi da fis da fambel na ajiya, da tsummoki masu laushi. Baje kolin da ake yi cikin zaure, kamar na cibiyar baje koli ta NEC a Birmingham kowane watan Nuwamba, yana da nasa sharuɗɗan game da yawan man da za a bari a tanki da kuma cire wayar batir, sai a tambaya tun da wuri.

A isa da sassafe, a bi umarnin masu tsara fili, a daidaita tayoyin gaba, a jira injin ya huce kafin a share ƙurar hanya. A gasa akwai lokacin da ake sanarwa a ajiye tsumma, kuma daga nan ba a ƙara taɓa mota. Idan alƙalai suka zo, mai mota ne yake buɗe ƙofa da bonet da but, shi yake tayar da injin idan an nema, kuma lokacinsu a kan kowace mota gajere ne, don haka ya amsa abin da aka tambaya kawai, ya miƙa takarda a inda ake shakka. Gardama da alƙali a fili ba ta ƙara maki.

Ga sauran jama'a, ƙaramin allo mai ɗauke da shekarar mota, girman injin, tsawon lokacin gyara da hoto ɗaya na yadda aka same ta ya wadatar. Ya kamata a rubuta sunan wanda ya yi walda da wanda ya yi fenti idan ba mai motar ne ya yi ba, domin ɗaukar yabon aikin wani abu ne da ake saurin ganowa. Mutane za su matso da zif da maɓallan riga da igiyar kyamara, kuma tsayuwar mai mota kusa da ita yana hira ta fi kowace takardar gargaɗi kare fenti.

Mataki na bakwai: bayan an tashi

A nemi takardar maki idan ƙungiyar tana bayarwa, domin ita ce jerin aikin da ya rage, a haɗa da abin da sauran masu mota suka nuna. Kafin a kama hanya a duba ƙasan motar ko akwai sabon ɗigo, a duba ruwa da mai. Idan an isa gida a share ciyawa da laka daga ƙarƙashin mazaunin tayoyi tun ba su bushe ba, kuma idan ruwan sama ya taɓa rufin zane na motar da ake buɗe samanta, a bar shi a ɗage har ya bushe sarai kafin a naɗe shi ko a rufe motar da mayafi.