Abubuwan da ke sa yaro ya tsani littafi, da yadda za a gyara

A gidaje da yawa ba a tunawa da littafi sai yaro ya yi laifi. Ya fasa kofi, ko ya dawo daga ƙwallo bayan magariba, sai a daka masa tsawa: "Wuce ka ɗauko littafinka!" Shi ke nan, ya saka karatu a sahun kamun kunne da tsallen kwaɗo. Gyaran wannan ba ya cin ko sisi. In ya yi laifi a hore shi ta wata hanya, karatu kuma a ware masa lokacinsa na walwala, bayan isha'i ko da hantsin Asabar. Minti 15 sun isa, in dai ana yi a kai a kai.

Wanda ya fi wannan ɓarna shi ne raina Hausa. Uba zai kashe kuɗi ya sayo wa ɗan aji ɗaya littafin Ingilishi zalla, wai kada Hausa ta ɓata masa baki. Yaron zai haddace shafin, ya rera shi tiryan-tiryan, baƙi su yi ta sa albarka. To, tambaye shi me ya faru a labarin. Zuru zai yi maka. Wanda bai fahimci abin da yake karantawa ba, ina zai ji daɗinsa? A rubutun Hausa kusan kowane harafi da sautinsa yake tafiya: yaro ya haɗa "ba" da "ki", ya ji kalmar da ya sani tun yana goye, fuskarsa ta washe. Ingilishi kuwa harafi guda sai ya fita da sauti iri-iri. Shi ya sa shirin Mu Karanta a jihohin Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA na koyar da karatu da lissafi a Katsina da Zamfara, suka ɗora koyon karatun ƙananan azuzuwan firamare a kan Hausa. Ba wanda ya ce a jefar da Ingilishi. Yaron da ya riga ya gane yadda haruffa ke haɗuwa su ba da ma'ana, da wannan basirar zai shiga kowane harshe.

Sai zaɓen littafin kansa. Mu manya mukan sayo abin da ya burge mu ne. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, ba shi da na biyu wajen daɗin labari, amma ya yi wa ɗan aji biyu nauyi in shi kaɗai zai karanta. Irinsa kai za ka karanta masa. Na hannunsa kuwa a nemi mai manyan baƙaƙe da hotuna, irin su Ka Koyi Karatu. Akwai gwaji mai sauƙi tun a gaban mai sayarwa: yaro ya karanta shafi ɗaya, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwasa yatsa. In yatsu biyar suka ƙare shafi bai ƙare ba, a ajiye sai baɗi. A kuma bar shi ya zaɓa, ko na dabbobi ne, ko na ƙwallo, ko ƙissoshin annabawa. Sai dai a leƙa ciki kafin a biya, domin yawancin littattafan soyayya da ke rumfunan kasuwa don manya aka rubuta su. In aljihu ya yi sanyi, manhajar African Storybook tana da labaran yara da Hausa kyauta, ana sauke su a waya.

Wajen sauraro ma ana kwafsawa. Yaro na cikin karatu, ya ɗan yi tuntuɓe, kafin ya numfasa an cafe: "Ba haka ba ne!" A yi haƙuri a ba shi sarari, sau da yawa da kansa zai koma ya gyara. In ya rikita ƙ da k, ko ɗ da d, a bari ya kai ƙarshen jimla tukuna. Bayan labari kuma ba jarrabawa ake yi ba. "Da kai ne Gizo, yaya za ka yi?" ta fi "Mutum nawa ne a labarin?" buɗe bakin yaro.

Uwar da ba ta yi boko ba kada ta ce ba ruwanta. Tatsuniyar da take yi da dare ita ce ke sa wa yaro ƙishirwar labari, kuma tana iya cewa, "Zo ki karanta mini ina tuƙa tuwo." A lura da 'yan mata musamman: tsakanin wanke-wanke, raino da aike, sukan rasa minti 15 ɗin nan gaba ɗaya, alhali yayyensu maza na zaune.

Akwai kuma masu kulle littafi a kabad don kada ya yage. A sa masa bango da takardar buhun siminti ko tsohuwar kalanda, a zuba a kwali a inda hannun yaro ke kaiwa. In ya gama, ya yi musaya da 'ya'yan maƙwabta. Gida biyar masu littafi huɗu-huɗu sun tara 20.