Biskit ɗin mefil: abin kaiwa wurin aiki da maƙwabta a watan Disamba

Da shigowar Disamba a Kanada za ku ga gwangwanayen biskit sun fara yawo, a wurin aiki, a makarantar yara, har maƙwabciya ta ƙwanƙwasa ƙofa ta miƙo nata. Wasu ofisoshin kan sa rana kowa ya kawo wanda ya gasa a gida, a yi musaya. Ba sai mai bikin Kirsimeti ba, kuma mu dai mun san kwanon da ya zo da abu a ciki ba ya komawa wayam. Mafi sauƙin abin mayarwa shi ne biskit ɗin mefil.

Mefil ita ce bishiyar da ganyenta ke jikin tutar ƙasar. Wajen Maris zuwa Afrilu ake huda ta, a tari ruwanta, a dafa har ya yi kauri kamar zuma, ita ce zumar mefil. Kusan lita 40 na ruwan ke ba da lita 1, shi ya sa take da tsada. Lardin Kebek ne ke fitar da mafi yawan wadda ake sha a duniya.

Tun a kanti ake fara yin kuskure. Gefen ta gaskiyar akwai robobi masu araha na zubawa a kan fanke, waɗanda sukarin masara ne kawai da kala da ƙamshi. Ku juya bayan kwalbar: ta gaskiya abu ɗaya tak aka rubuta a jerin kayan haɗinta. Sannan aji huɗu ce, daga mai haske zuwa mai duhu sosai. Mai hasken ta fi ɗaukar ido, amma zafin obin na cinye ɗanɗanonta, sai a tashi da biskit mai zaƙi kawai. Ku ɗauki wadda aka rubuta wa Dark, ko Foncé da Faransanci. Da an buɗe ta sai firji, in ba haka ba fumfuna za ta hau kanta.

Na biskit 20 zuwa 24 ana buƙatar bota marar gishiri giram 113, jan sukari giram 100, zumar mefil mililita 80, ƙwai 1, fulawa giram 250, bekin soda rabin ƙaramin cokali, gishiri shi ma rabi. Bota a nan dunƙulen giram 454 ce, don haka kashi ɗaya cikin huɗu za a yanka. Ku sayi ɗan sikelin kicin. Awo da kofi na yaudara: in an danna fulawa a ciki sai ta wuce ƙima, biskit ya fito kamar dutse. In jan sukarin ya daskare saboda bushewar iskar hita, a jefa yankan burodi cikin robarsa a rufe ya kwana.

A fito da bota ta yi awa ɗaya a waje, har yatsa ya iya lotsa ta, amma kar ta narke. A buga ta da sukarin minti 3, a zuba mefil da ƙwai, a ƙara bugawa. Sai fulawa da soda da gishiri, a juya daidai lokacin da farin garin zai ɓace a tsaya. Wannan ba ƙullin fanke ba ne. Yawan bugu na sa shi tauri.

Yanzu wurin da masu gaggawa ke faɗuwa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zumar mefil ruwa ne, don haka ƙullin zai yi laushi yana kama hannu. Kar a ƙara fulawa, kar kuma a ƙara mefil don neman ɗanɗano. A rufe a sa firji awa 2, ko ya kwana. Wanda ya tsallake wannan zai buɗe obin ya tarar duk sun baje sun haɗe sun zama faifai ɗaya.

A mulmula ƙasa da girman ƙwan zabo kaɗan, a jera a tire mai takardar gashi, da tazarar yatsu uku. Zafi 350, minti 10 zuwa 12. Ku lura, yawancin obin a nan da ma'aunin Farenhait suke aiki, 350 ɗin kusan 175 ne a Salsiyos. Wanda ya saba da 180 ya danna ta a nan, ɗumama ƙullin kawai zai yi. A cire da zarar gefe ya yi ja, tsakiya na da sauran laushi, a bar su minti 5 a tiren su ƙarasa.

Ɗanɗanon mefil na gaske daga sama yake zuwa: garin sukarin ado giram 120, babban cokali 3 na mefil, ɗan gishiri, a dama a yarfa a kai bayan sun huce sarai.

Girke-girken intanet kan ce a ɗiga ruwan ƙamshin banila ko na mefil. Yawancinsu da barasa ake haɗa su, sai a duba kwalbar. Akwai marar barasa, kuma wannan haɗin ba ya ma buƙatarsu. Gyaɗa kuwa ba abin wasa ba ce a nan. Makarantu da yawa sun hana shiga da ita da danginta saboda yaran da take tayar wa da ciwo mai tsanani. Turmi, muciya ko kwanon da ya taɓa ƙuli-ƙuli ko yajin tsire, a nisanta shi da wannan aikin. A liƙa 'yar takarda a murfin gwangwani: akwai alkama, ƙwai da madara. A rufe da kyau suna kai kwana 5, ɗanyen ƙullin kuma wata 2 a firiza.