Lambun gidan haya a Ingila: kada ku taɓa shi kafin ku ga abin da zai fito

Yawancin 'yan'uwanmu da ke zuwa Ingila karatu ko aikin jinya suna sauka ne da sanyi, kuma wanda ya dace da gidan haya mai ɗan lambu ba ya tarar da komai sai jiƙaƙƙiyar ƙasa da busassun rassa. Mu kuwa mutane ne masu son tsakar gida a share tas, kuma ina alfahari da hakan. Sai dai lambun nan ba a mace yake ba, domin a ƙarƙashin ƙasar akwai ƙwayoyin furanni masu kama da albasa, waɗanda ake binnewa da kaka, su riƙa fitowa kowace shekara.

Daga ƙarshen Janairu ƙananan fararen furannin da ake kira snowdrop ke fara leƙowa, kawunansu a sunkuye. Dafodil mai ruwan ɗorawa yana cika lambu a Maris, tulif kuma a Afrilu.  Abin da za a ja wa yara da masu girki kunne a kai shi ne dafodil guba ne, ƙwayarsa da ganyensa duka. A 2015 sai da hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gargaɗi manyan kantuna kada su jera shi kusa da kayan miya.

Ranar da ake gani a Maris ma tana yaudara, domin raɓa na iya daskarewa da dare har cikin Mayu. Tumatir da attarugu a fara rainonsu a cikin ɗaki kusa da taga, a fitar da su ƙarshen Mayu.

Inda ake shan wuya shi ne wajen mai gida. Yawancin takardun yarjejeniyar haya suna ɗauke da sharaɗin cewa ɗan haya zai mayar da lambu yadda ya same shi, amma mutanenmu sai su sa hannu ba su karanta ba. Na ga wani ƙanenmu, mutum mai himma, ya shiga gida a Disamba, ya tone lambun kaf don ya shuka alayyafo, ya zubar da ƙwayoyin a shara. Da zai tashi, mai gidan ya kawo hotunan lambun cike da furanni, aka zaftare masa kuɗin ajiya, wato kuɗin jingina da ɗan haya ke bayarwa lokacin shiga gida. Irin wannan yankan ni ma na ɗanɗana shi, shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji sabon zuwa yana cewa ai gidan da yake biyan kuɗinsa ne. Haya kake biya, malam, ƙasar da abin da ke cikinta na mai gida ne.

Saboda haka ranar da kuka karɓi makulli ku ɗauki hoton lambun ta kowace kusurwa, ku duba ko an ambace shi a takardar lissafin kayan gida, sannan ku tambayi mai gida ko wakilinsa abin da aka shuka. Kowane izini a neme shi a rubuce ta imel, domin alkawarin baki ba ya amfani ranar rigima. Tun 2019 dokar Ingila ta taƙaita kuɗin ajiya ga hayar mako 5 a yawancin gidaje, kuma dole mai gida ya saka shi a ɗaya daga cikin tsare-tsare uku da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30. Idan ya yanke muku abin da ba ku yarda ba, can za ku kai ƙorafi kyauta, kuma hotunan nan ne shaidarku.

Bayan furen dafodil ya bushe, a bar ganyensa kamar mako 6, da shi ƙwayar ke tara abincin baɗi. Aske shingen itatuwa kuma a yi hattara daga Maris zuwa Agusta, saboda dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta lalata sheƙar da tsuntsu ke amfani da ita. Mai ƙishirwar noma ya shuka a tukwane, ko ya rubuta sunansa tun yanzu a layin 'yan filayen noma da ƙananan hukumomi ke bayarwa haya, domin a manyan birane jiran yakan ɗauki shekaru.