Kurakuran da aka fi yi wajen binciken asalin kakanni a jihar Virginia

Yawancin masu bin salsalar danginsu a Virginia ta Amurka suna ɓata watanni suna neman takarda a inda ba a taɓa ajiye ta ba. Takardun fili, wasiyya da aure suna hannun magatakardar kotun gunduma, iyakokin gundumomi kuwa sun sha sauyawa. Kentucky ta fita daga Virginia a 1792, West Virginia a 1863. Iyali kan zauna a gona ɗaya shekara hamsin, takardunsu su watsu a gundumomi uku. Kafin ka buɗe kowane kundi, gano gundumar da wurin yake ciki a shekarar da abin ya faru. Birane irin su Richmond da Norfolk kuma kotunansu daban ne.

Wani kuskuren shi ne nacewa a kan takardar haihuwa. Jihar ta yi rajistar haihuwa da mutuwa daga 1853 zuwa 1896, ta daina, ba ta koma ba sai Yunin 1912. Wanda aka haifa a tsakani, ka neme shi a ƙidayar jama'a ta 1900, wadda ta rubuta wata da shekarar haihuwa, in an haife shi kafin a yi ta, ko a takardar mutuwarsa mai ɗauke da sunayen iyaye.

Ƙidayar ma tana da giɓi. Ta 1790 da kusan dukkan ta 1800 na Virginia sun salwanta, ta 1890 kuma gobara ta lalata ta a Washington a 1921. A nan mutane da yawa ke sarewa, alhali kundin harajin dukiya yana nan tun 1782, shekara bayan shekara. Bi shi a jere: za ka ga shekarar da saurayi ya fara bayyana da doki ɗaya, da shekarar da sunan uba ya ɓace, na matarsa ya maye gurbi.

Haka ake yi da gundumomin da takardunsu suka ƙone, kamar Hanover, wadda kundayenta suka tafi a gobarar Richmond ta Afrilun 1865. Duba gundumomin maƙwabta, ka kuma shiga Chancery Records Index, wato jerin tsofaffin shari'o'i irin na gado, na Library of Virginia, ɗakin karatu na jihar. Shari'ar gado takan lissafa magada kaf, har 'ya'ya mata da sunayen mazajensu.

Ga jikokin bayi aikin ya fi ciwo, ya kuma fi buƙatar haƙuri. Ƙidayar 1870 ce ta fara rubuta 'yantattun bayi da sunayensu. Jerin bayi na 1850 da 1860 shekaru, jinsi da launi kawai ya nuna a ƙarƙashin sunan ubangida. Kada ka ɗauka sunan iyali lallai na ubangida na ƙarshe ne, don da yawa sun zaɓi wani. Nemi rajistar ma'aurata ta 1866, wadda takan ambaci miji, mata, 'ya'ya da tsohon ubangida, sannan ka bi wasiyyarsa da lissafin dukiyar da ya bari.

A kula da launin da aka rubuta bayan 1924. Walter Plecker, shugaban ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na jihar daga 1912 zuwa 1946, ya sa an mayar da Indiyawan Amurka, 'yan asalin ƙasar, baƙaƙe a takardu, har ya yi canji a tsofaffin rajista.

Bishiyar dangin da wani ya ɗora a shafukan intanet na binciken asali irin su Ancestry ko FamilySearch kuwa, kada ka kwafe ta sai ka ga hoton takardar da idonka.