Sagarun kajinki sun fara ƙwai, to sai yaya?

Idan kajin lokal ne irin namu na gida sai sun kai wata 6 zuwa 7 kafin su fara, amma leyas, wato kajin gidan gona masu ƙwai, irin jajayen nan ISA Brown tun daga sati 18 zuwa 20 za ki fara ganin ƙwai. Alamar ba ta ɓuya, zankon sagarar zai girma ya yi jawur, ta dinga kyarkyara tana leƙe-leƙen lungu, in kin kai hannu bayanta sai ta durƙusa ta buɗe fuffuke maimakon ta gudu. In kina so ki tabbatar ki ɗauke ta ki laluba ƙasusuwan nan biyu da ke kusa da duburarta, in yatsu biyu zuwa uku sun shiga tsakani to ƙwai na hanya. Kuma ba sai da zakara ba, da shi da babu shi za ta yi ƙwanta, amfaninsa sai in ƙyanƙyasa kike so.

Abu na farko ki gyara musu gurbi tun kafin su fara, don in kaza ta saba da bayan buhun gawayi ko ƙarƙashin gadon tsakar gida to kin shiga farautar ƙwai kenan kullum. Tsohon kwando ko kwali ya isa, a zuba buntun shinkafa ko dusar katako, a ajiye a wuri mai ɗan duhu cikin akurkin, gurbi ɗaya na kaji 4 ko 5.

Sai abinci, kuma nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Dusa da tsaki kaɗai ba sa riƙe kaza mai ƙwai, sai kin koma leya mash, wato abincin buhu na kaji masu ƙwai, saboda shi ke da sinadarin da ke yin ɓawo, amma kar ki sauya rana ɗaya, ki dinga haɗawa da girowa, abincin da ake ba su suna tasowa, kamar na sati guda. In kin ga ƙwai mai laushi kamar leda a farko-farko kar ki tsorata, jikinta ne bai gama saitawa ba, in ya ci gaba ki daka ɓawon ƙwai da ya bushe ya yi laushi sosai ki barbaɗa a abincin. Na ce sosai fa, don in suka gane ɓawo ne za su koyi fasa nasu su sha, kuma kazar da ta koyi wannan halin sai dai tukunya. Ruwa kar ya yanke, musamman zafin Maris zuwa Mayu da ƙwai ke raguwa. Leyas na son haske awa 14 zuwa 16, ƙaramin ƙwan fitilar sola da magariba ya wadatar.

Yanzu lissafi. Leyas 20 na cin wajen kilo 2 da ɗan wani abu a rana, wato buhu mai kilo 25 kwana 10 ko 11 zai yi miki. In sun kankama kina samun ƙwai 15 a rana, a kwana 10 kiret 5 kenan tunda kiret ɗaya ƙwai 30 ne. Ki fara ware kuɗin buhu na gaba kafin ki taɓa ko sisi, ni na taɓa cinye kuɗin a cefane da anko, ranar da abinci ya ƙare na ba su dusa kwana uku sai ƙwan ya tsaya cak, kusan sati biyu kafin su dawo daidai.

Ƙwan satuttukan farko ƙanana ne, masu saye sai sun karya miki farashi, gara ku soya abinku a gida ki kai wa maƙwabta ɗanɗano, tallan kenan. Da sun fara girma ki samu mai saye tsayayye, mai shayi da indomi na bakin layi ko matan da ke yin kek da cincin, ki sa a status ɗin WhatsApp ma. Ƙwan kajin lokal kuwa ɗai-ɗai ake sayar da shi kuma ya fi tsada, wasu ma na sa wa kaza kwanci suke nema. Maganar bashi, in za ki bayar ki rubuta a littafi, "Maman Abba ba ni biyar zan aiko" ita ke cinye jari.

Ki kwashe ƙwai sau biyu ko uku a rana saboda ɓera da gafiya da su kansu kajin. Kar ki wanke da ruwa, akwai wani ɗan rufi a jikin ɓawon da ke tare ƙwayoyin cuta, in ya ɓaci da kashi ki goge da busasshen tsumma. A jera a kiret tsinin a ƙasa, a ajiye a inuwa inda iska ke shiga, lokacin zafi kar ya wuce sati a hannunki. Wanda kike kokwanto ki sa shi a kofin ruwa, in ya taso sama ki yar. In kuma kin ba su maganin antibayotik ki tambayi likitan dabbobi kwana nawa za ki jira kafin a ci ko a sayar da ƙwan.